Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in fitar da wata magana da ta daɗe tana cina. Ni tsohon malamin firamare ne, shekara 35 na yi riƙe da alli kafin in ajiye aiki. Yanzu ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato, ina ɗan taɓa sayar da gero da dawa a ƙofar gida don kada zama ya yi yawa. Ni ba likita ba ne, ba kuma malamin addini ba. Abin da zan faɗa, a jikina na karanta shi.

Shekara uku ke nan da Allah ya karɓi ɗana na fari. Ba zan ambaci sunansa ba, don tun yana raye ban taɓa kama sunan ba, sai dai in ce "kai" ko "wancan", kamar yadda muka tarar da iyayenmu suna yi. Yana da shekara 27. Da safe ya hau babur zai tafi wurin aiki, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa rumfa, jama'a suka yi ta zuwa daga Ƙofar Rini, daga Runjin Sambo, har daga ƙauyenmu, Allah ya saka musu da alheri. Kowa ya zo sai ya ɗaga hannu a yi fatiha, sannan ya ce, "Malam, ya haƙuri?" Ni kuma in ce, "Da godiya." Na faɗi wannan kalma cikin kwana uku fiye da yadda na faɗe ta tun da aka haife ni. Ko ɗigon hawaye bai zubo mini ba. Har na ji wani dattijo yana cewa na kusa da shi, "Ka ga tawakkali, mutumin nan ko gezau." Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta yi mini daɗi, na ƙara gyara zama, na ƙara ɗaure fuska.

Ranar da aka yi uku aka naɗe tabarmi, mai rumfa ya zo ya kwashe kayansa, baƙi suka kama hanya. A ranar ne mutuwar ta shigo gidana sosai. Takalmansa na nan a bakin zaure inda yake ajiye su, ɗaya ya ɗan hau kan ɗaya. Kullum sai in ratsa su in wuce masallaci, ban ɗauke ba, ban kuma ce wani ya ɗauke ba.

Barci ne ya fara guduna. Sai in kwanta bayan isha'i, ƙarfe biyu na dare in farka tangaran kamar an watsa mini ruwa. Lokacin bazara ne, ka san zafin Sakkwato a watan Afrilu, kowa a tsakar gida yake kwana, ni kuwa ina kwance ina kallon sama ina lissafin abin da ba shi da amfani: da na tsayar da shi ya karya kumallo, da motar da ta buge shi ta riga ta wuce; da ban sa hannu aka sayi babur ɗin ba. Sai kuma ciwon kai daga ƙeya, sai abinci ya fita raina, sai zafin rai. Ni da na yi shekaru ina fama da 'ya'yan mutane a aji ba tare da bulala ta zama abokiyata ba, na ɗaga hannu na mari autana don ya zubar da mudun gero ɗaya. Yaron ya tsaya yana kallona, bai ma yi kuka ba, mamaki ya hana shi. Na je kemis aka ba ni maganin ciwon kai da na barci. Na sha rubutu, na yi hayaƙi. Kowa ya tambaye ni sai in ce zazzaɓi ne ke ɗan taɓa ni.

Uwargidana kuwa, nata ya fi nawa, don ita kunyar ɗan fari ta ɗaure ta hannu da ƙafa. Ranar rasuwar da ta fara shessheƙa, manyan mata suka taru a kanta: "Haba, ke fa uwa ce, ɗan fari ne, kada ki ba mu kunya. Addu'a yake buƙata." Ta haɗiye. Bayan wata biyu ta fara kukan ƙirjinta na mata nauyi kamar an aza dutsen niƙa, numfashi na sarƙe mata. Wasu suka ce iska ce ta shafe ta. Wani dare na farka kamar yadda na saba, na ji motsin ruwa ta bayan madafa. Na leƙa, sai na gan ta durƙushe gaban baho tana wanke farar jallabiyarsa, wadda na san an wanke ta tun tuni, an goge, an ninke. Tana cuɗawa a hankali don kada a ji, kafaɗunta na rawa. Ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Malam, kai ma ba ka kwana?" Na ce, "Zafi ne." Na juya na koma shimfiɗata. Shekara talatin da ɗoriya muna tare da matar nan, abu ɗaya ke cin mu a gida ɗaya, amma na ce mata zafi ne. Har yau in na tuna sai in ji kunyar kaina.

Wata takwas ana haka. Wata Juma'a na ɗago daga sujada, masallaci ya juya mini, sai farkawa na yi na ga ana yi mini fifita. Ƙanena ya kai ni asibiti. Aka ɗaura mini abin awon jini a dantse, ya matse, ya saki, ma'aikaciyar ta dubi lambar ta sake aunawa: 180 bisa 110. Likitan yaro ne, da a makarantarmu ya yi da na koyar da shi. Ya rubuta magani, har na yunƙura zan tashi, sai ya ajiye biro ya ce, "Baba, mi as same ka cikin 'yan watannin ga?" Na ce, "Babu komi, sai lahiya." Ƙanena ne ya yi karambani ya gaya masa.

Bayanin da ya yi mini shi ne na farko da ya shiga kunnena. Ya ce in mutum ya tsorata ko ransa ya ɓaci, akwai wasu 'yan halittu a saman ƙoda da ke sako sinadarai cikin jini, ana kiransu adiranalin da kotisol. Su ke sa zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, sukari ya ƙaru a jini, barci ya gudu. Allah ya yi su ne don ɗan lokaci, kamar ka taka maciji a gona ka yi tsalle, in haɗarin ya wuce jiki ya koma daidai. To amma in damuwa ta zauna wata da watanni ba ta da mafita, jiki yana nan a tsaye kamar macijin bai tafi ba. Bai ruɗe ni ba, ya ce hawan jini yana da wasu dalilan: gado, shekaru, gishiri, ƙiba, kuma daga 140 bisa 90 aka fara kiransa hawan jini, ni na wuce nan nesa, saboda haka magani ba fashi, ko na ji sauƙi kada in bari. Amma ya ce akwai rabon da ƙwaya ba za ta ɗauke mini ba. Har ya ba ni labarin wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, inda mummunan labari ko rashin wani ke sa tsokar zuciya ta yi rauni farat ɗaya, mutum ya zo kamar mai bugun zuciya alhali jijiyoyinsa ba su toshe ba. Na ce a raina, ashe da kakanninmu ke cewa wane ya haɗiye zuciya ya mutu, ba zancen banza suke yi ba.

Ya ce in sami wanda zan yi wa magana. Na fito ina cewa yaran zamani ke nan, ni da furfurata zan je in zauna gaban wani ina ba da labarin cikina? Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ina da amini tela, tun muna makarantar allo muke tare. Shagonsa na cikin waɗanda wutar babbar kasuwa ta cinye a watan Janairun 2021, ya dawo ya kafa kekensa a wani ɗan shago a unguwa. Nakan je wurinsa bayan la'asar mu taɓa hirar siyasa da tsadar taki. Wata rana ina zaune a bencinsa, yana ɗinka wata 'yar shara, bai ko dube ni ba ya ce, "Malam, kwana biyun ga yaron nan na faɗo min a rai. Ka tuna ranar da ya kawo min wandon makaranta ya tsage, yana roƙona in ɗinke kada ka gani?" Ban san labarin ba ma. Na buɗe baki in yi dariya, abin da ya fito daban. Kuka ne irin wanda rabona da shi tun ina yaro, har da majina, har rawanina ya kwance. Abin da bawan Allah nan ya yi shi ne ba zan manta ba. Bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya miƙa hannu ya saki labulen ƙofa, ya ci gaba da taka keke da ƙarfi, yana bi ta kan ɗinkin da ya riga ya gama, don ƙarar ta rufe muryata kada masu wucewa su ji. Sai da na lafa ya tsaya, ya zuba mini ruwa a moɗa, ya ce, "To hwaɗa min, mi kaka tunawa da shi?" Muka kai har kiran magariba. Daren nan na yi barci har asuba, karo na farko cikin wata tara.

Da na ɗan dawo hayyacina sai tsoro ya kama ni, ko na ɓata ladana. Na tafi wurin limaminmu na tambaye shi. Ya yi murmushi ya tuna mini abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa ɗora shi a kaina ba. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) yake gargara, idanun Annabi suka zubo da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, "Har da kai, ya Manzon Allah?" Ya amsa masa cewa wannan rahama ce, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da maganar saɓo. Ya kuma karanto mini Suratu Yusuf: Annabi Yaƙubu da bakinsa ya ce haƙuri mai kyau, a aya ta 83, aya ta gaba kuma ya juya yana kiran baƙin cikinsa a kan Yusuf har idanunsa suka yi fari, sannan a ta 86 ya ce yana kai ƙarar damuwarsa da baƙin cikinsa ga Allah ne. Ka ga haƙurin bai hana shi faɗin abin da ke ransa ba. Nana A'isha ma, in aka yi rasuwa a danginta mata suka watse, takan sa a dama talbina, wani kunun sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa rashi, tana cewa ta ji Annabi ya ce yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage wani abu na baƙin ciki. Lura da lokacin: bayan mata sun watse.

Kuma mu Sakkwatawa ba mu da uzuri, don abin yana cikin gidanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837, ba ta ce "da godiya" ta yi shiru ba, waƙar marsiyya ta rubuta masa. Haka ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Wa zai ce ta fi mu ƙarancin tawakkali? Mu ne muka zo daga baya muka cakuɗa haƙuri da haɗiyewa, muka sa musu suna ɗaya. Ba na zagin kunya da kara, su suka riƙe mu, ni ma da su na tarbiyyantar da ɗalibaina. Amma kunyar da za ta sa uwa ta riƙa wankin dare a ɓoye don ta sami inda za ta yi kukan ɗanta, wannan kam a sake dubawa.

'Yata da ke karatun jinya ita ta kawo mini wata dabara. Ta ce wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna James Pennebaker ya yi wani gwaji da aka wallafa sakamakonsa a 1986: ya sa ɗalibai su zauna minti 15 kullum, kwana huɗu a jere, su rubuta abin da ya fi ɓata musu rai a rayuwa da yadda suka ji, sai aka ga waɗanda suka yi hakan sun rage zuwa asibitin makaranta a watannin da suka biyo baya. Na ce wannan ai mai sauƙi ne ga tsohon malami. Na sayi littafin rubutu mai shafi arba'in, ina rubutawa da ajami bayan sallar asuba, don na san yaran yanzu ba su da haƙurin bin rubutun hannuna. Kwanakin farko abin ya ƙara tayar mini da hankali, har na so in bari. A nan ne na gano ashe ba baƙin ciki kaɗai ke cina ba, har da fushi: da direban, da kaina, da shi kansa yaron da ba ya jin maganar gudu. A shafi na uku na rubuta sunansa, karo na farko tun ranar suna.

Ba na cewa na warke. Har gobe ina shan ƙwayata kowace safiya, na rage gishiri, ina taka ƙafa zuwa masallacin da ya fi nisa da gangan. Akwai ranakun da ƙarar babur irin nasa ke tsinka mini zuciya. Amma awon jinina ya sauko, na nemi gafarar autana, kuma ni da uwargida yanzu mukan zauna bayan isha'i mu yi zancensa. Ita ce ma ta ɗauke takalman nan da hannunta ta ba wani almajiri. Nauyin ƙirjin nata ya ragu, ko da yake ita ma sai da aka duba ta a asibiti tukuna, don ba kowane ciwon ƙirji ne tunani ba.

Edita, abin da ya sa na ɗauki biro ba labarina ba ne kaɗai. Ni ɗa ɗaya na rasa, a hatsari, na kuma ga gawarsa na sallace shi. Ka zagaya cikin garin nan ka ga mutanen da suka baro Sabon Birni da Isa da Goronyo da Rabah saboda 'yan bindiga, suna kwana a kangaye da gidajen 'yan'uwa. Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa awo wurina da 'yar jikarta, yarinyar in ta ji babura biyu sun taho tare sai ta shige ƙarƙashin teburin hatsi ta toshe kunnuwa. Kakar sai ta jawo ta tana cewa, "Ke dai kin cika tsoro." In an tashi taimakonsu shinkafa ake kawowa da tabarma, kuma suna buƙata, amma abin da idanunsu suka gani yana nan a ciki babu wanda ya tambaya. Haka samarinmu. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, ana ta kama masu taramol, amma yaron da ke sha don ya yi barci ko don ya manta, in ka ƙwace kwalbar ba ka tambayi abin da yake gudu ba, wata zai nema.

Ga asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kware, nan kusa da mu, amma mun mayar da sunan garin abin zagi. Yaro ya yi shirme a ce sai an kai shi Kware. Saboda haka mai fama da rashin barci da faɗuwar gaba da ƙuncin rai gara ya mutu a ɗaki da a gan shi a hanyar can, alhali ba sai mutum ya yi tsirara a kasuwa ake ganin likitan ƙwaƙwalwa ba. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Dokar ta canza, bakinmu ne bai canza ba. In ka ga ɗan'uwanka ya daina cin abinci, ya daina fita, ko ya fara cewa gara ma ya bi wanda ya tafi, wannan ya wuce hirar benci, a kama hannunsa a kai shi ga likita, kada a bar shi shi kaɗai.

Roƙona ga limamanmu, in za su yi huɗubar haƙuri su haɗa da hadisin Ibrahim, don maza su ji da kunnensu. Ga jaridarka kuma, ko sau ɗaya a wata a ba wani likita shafi ya yi mana irin bayanin da yaron nan ya yi mini, da Hausar da mai awo da mai keke za su gane.

Ni dai na canza yadda nake ta'aziyya. Ina zuwa ranar farko a yi fatiha kamar kowa, amma zuwan gaske sai bayan an naɗe tabarmi. Maƙwabcina ya rasa matarsa kwana goma sha biyu da suka wuce. Shekaranjiya bayan isha'i na ɗauki goro biyu na same shi a zaure shi kaɗai, fitila a kashe. Ban ce masa ya haƙuri ba. Na ce na tuna furar da marigayiya ke aiko mana da azumi. Ya yi shiru, ya ɓare goron, ya daɗe yana juya shi a hannu bai ci ba, sannan ya ce mini dare ya yi. Yau ma in Allah ya kai mu zan koma.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Mabera, Sakkwato.